Hanyar garinmu: kansiloli sun amince, amma an ce sai jiha ta sa hannu

Sakataren Ƙungiyar Gari:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san sha'anin mulki da kuɗin gwamnati su warware mana wani lamari da ya ɗaure mana kai a ƙungiyar ci gaban garinmu, wadda nake yi wa aikin sakatare. Garin namu yana cikin wata ƙaramar hukuma a Arewa maso Yamma, kuma hanyar burji guda ɗaya ce ta haɗa mu da titin kwalta, ita ce kuma ƙauyukan da ke bayanmu suke bi su fitar da abin da suka noma a tudu da fadama. A tsakiyar hanyar akwai rafi da aka yi wa kwalbati tun zamanin mulkin soja, ruwa ya cinye gefensa ɗaya har rodi ya fito fili. Idan damina ta kankama, mai Kanta yakan tsaya a wancan ƙetaren, a sauke buhunan taki, matasa su ɗauko a ka su haura da su, a sake loda su a amalanke, manomi ya biya kuɗin dako sau biyu. Da rani kuwa motoci suna gangarawa ta cikin yashin rafin, wadda ta kafe da lodin tumatir sai an sauke kwanduna a rana an tura ta. Maganar mace mai naƙuda da daddare a watan Agusta ba sai na faɗa ba.

Da lokacin kasafin kuɗi ya zo, mun je sakatariya mun saurari zaman majalisar kansiloli. Kansilolin mazaɓun da ke cikin hedikwata sun nemi a zuba kuɗin hanyoyi na shekarar a kan titin kwalta mai lambatu da fitilu masu aiki da hasken rana, daga bakin kasuwa zuwa ƙofar fadar hakimi, hujjarsu kuwa ita ce nan ne ake tara harajin kasuwa da na tasha, kuma nan ne baƙo yake fara gani. Kansilolin karkara suka ce da wannan kuɗin za a iya gina kwalbatoci a wuraren da hanyoyi suka yanke, a zuba jar ƙasa, a buɗe wa ƙauyuka masu yawa hanya. An yi muhawara mai tsawo cikin mutunci, daga ƙarshe na karkara suka rinjaya, aka sa kwalbatinmu a cikin daftarin.

Mun dawo gida da murna, amma daga baya aka shaida mana cewa abin da kansiloli suka zartar shawara ce kawai. Wai sai an kai daftarin ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha, sai ciyaman ya kare shi a gaban kwamitin majalisar dokoki, kuma duk kwangilar da ta haura wani adadi sai an nemi izini daga sama kafin a ba da ita. An ƙara da cewa kaso mai tsoka na kuɗin ayyuka an riga an ware shi don ayyukan haɗin gwiwa da jiha. Da muka je wurin ɗan majalisarmu na jiha, sai ya ce hanyar ta ƙaramar hukuma ce, ciyaman kuma yana cewa hannunsa a ɗaure yake.

Tambayata ita ce: bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shekarar 2024 a kan 'yancin ƙananan hukumomi, shin wannan tsari yana nan bisa doka? Wane ne ainihin mai ikon cewa a yi wannan hanya ko a bar ta? Sannan idan har majalisar dokokin jiha tana da hannu a ciki, mene ne ya dace mu nema daga wakilinmu, wanda ba zai iya cewa ba huruminsa ba ne?

Tsohon Ma'aji:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Na yi aiki a sashen kuɗi na ƙananan hukumomi har na yi ritaya, saboda haka bari in bi maka sawun kuɗin tun daga Abuja, domin sai ka san inda suke raguwa za ka gane dalilin da ya sa ciyaman yake faɗin abin da yake faɗa.

Kowane wata kwamitin rabon kuɗin tarayya yana zama ya raba abin da ya shigo asusun tarayya. Gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 36 suna raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma suna raba kashi 20.60, ban da kashi 35 cikin 100 na harajin VAT da yake nasu. Wajen raba wa kowace ƙaramar hukuma nata, ana duba daidaito, da yawan jama'a, da faɗin ƙasa, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga, da wasu ma'aunai na ci gaban al'umma. Abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu ba sirri ba ne, domin ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa shi da sunan kowace ɗaya, kuma duk mai wayar da ke shiga intanet zai iya dubawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 adadin nairar da ake rabawa ya ƙaru sosai, sai dai farashin siminti da rodi da man dizal shi ma ya tashi, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma naira 70,000 a shekarar 2024.

Matsalar tana farawa ne daga sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da za a riƙa zuba kason ƙananan hukumominta a ciki. A zamanin da nake aiki, idan kuɗi suka sauka a wannan asusu sai a kira taron wata-wata a babban birnin jiha, ciyamomi su hallara, a miƙa wa kowa takarda da aka riga aka buga. A saman takardar za ka ga abin da ya zo daga Abuja, a ƙasansa kuma jerin abubuwan da aka cire tun daga tushe: albashin malaman firamare, wanda shi ne mafi girma, sai na ma'aikatan lafiya a matakin farko, sai fansho, sai kason masarauta, sai kuɗin horar da ma'aikata, sai gudummawar tsaro, sai ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage a layin ƙarshe shi ake tura wa ma'aji, kuma watanni da yawa idan aka biya albashin ma'aikatan sakatariya da alawus na kansiloli, ragowar ba ta isa a ɗauki hayar gireda na mako guda ba. Ga shi kuma harajin kasuwa da na tasha, waɗanda kansilolin hedikwatarku suke taƙama da su, ba su taka kara sun karya ba a yawancin ƙananan hukumomin karkara, wasu jihohin ma sun karɓe tara su. Doka ta ce jiha ta ba ƙananan hukumomi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida, amma jihohin da suke cika wannan ba su da yawa.

Ba na cewa duk abin da ake cirewa zalunci ne. Albashin malamai wajibi ne, ko ta wace ƙofa ya fita. Inda nake da ja shi ne layin ayyukan haɗin gwiwa, domin a nan ne kuɗin hanyoyin karkara suke tafiya, kuma ba a zauren kansiloli ake zaɓar waɗannan ayyuka ba. Misalin da kowa ya sani shi ne titunan kilomita 5 da gwamnatin Kano ta ƙaddamar a ƙananan hukumominta 44 a wa'adin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Niyyar mai kyau ce, kuma inda aka kammala garuruwan sun canja kama, amma an yi wa kowace ƙaramar hukuma awo ɗaya, mai buƙatar titi a cikin gari da wadda gada ce damuwarta, sannan da gwamnati ta sauya aka bar da yawa daga cikinsu ba a gama ba tsawon shekaru, sai bayan 2023 aka koma kansu. Wannan shi ne haɗarin tattara shawara a wuri ɗaya: idan ta tsaya, ta tsaya wa kowa a lokaci guda.

An taɓa ƙoƙarin toshe wannan kafa kafin kotu ta shigo. A shekarar 2019 hukumar NFIU mai sa ido a kan hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'ida cewa kada bankuna su bari a taɓa kuɗin asusun haɗin gwiwa sai sun isa asusun kowace ƙaramar hukuma, ta kuma taƙaita cirar tsabar kuɗi zuwa naira 500,000 a rana. Gwamnoni sun yi adawa da ita, kuma a aikace abin da ya biyo baya a wurare da dama shi ne kuɗi su shiga asusun ƙaramar hukuma da safe, a sa hannu a takardar mayar da su kafin a tashi daga aiki. Shawarata ita ce ku nemi ganin takardar rabon wata-wata ta ƙaramar hukumarku, ku ajiye ta kusa da abin da Abuja ta wallafa. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da ya kamata ku tambayi ciyaman da ɗan majalisa a kansa, su biyun a zaune wuri ɗaya.

Barista:

Alhaji Ma'aji ya yi bayanin kuɗi yadda ya kamata, ni kuma zan tsaya a kan doka, domin amsar da ɗan majalisarku ya ba ku rabinta ce kawai gaskiya.

Gaskiya ne cewa Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulki ya lissafa gina hanyoyi da tituna da magudanan ruwa da fitilun titi da kula da su a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Sai dai sashe na 7 na wannan kundi, wanda ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, shi ne kuma ya ɗora wa jiha alhakin yin dokar da za ta fayyace kafuwarsu da tsarinsu da kuɗinsu da ayyukansu. Majalisar dokokin jiha ce take yin wannan doka. Saboda haka ƙa'idar da ta ce sai an kai kasafin ƙaramar hukuma ma'aikata, da iyakar kuɗin da ciyaman zai iya kashewa ba tare da izini ba, da jerin abubuwan da ake cirewa daga tushe, duk suna fitowa ne daga dokar ƙananan hukumomi ta jiharku ko daga ƙa'idojin da aka gina a kanta. Wakilinku yana cikin masu ikon gyara ta. Idan ya ce hanyar ba tasa ba ce, igiyar da ta ɗaure hannun ciyaman tasa ce.

Game da hukuncin, Ministan Shari'a na tarayya Lateef Fagbemi ne ya shigar da ƙarar gwamnatocin jihohi 36, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce a riƙa biyan kason ƙananan hukumomi kai tsaye cikin asusunsu, ta ce jihohi ba su da ikon riƙe waɗannan kuɗi ko kashe su a madadinsu, ta kuma haramta rusa zaɓaɓɓun shugabanni a naɗa kantomomi, har ta ce ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke tafiyar da ita ba kada a sakar mata kuɗi. Wannan ɓangare na ƙarshe ne ya fi saurin aiki, shi ya sa jihohi suka yi rububin shirya zaɓe, Jigawa da Kaduna da Kano duk a watan Oktoban 2024, Katsina kuma a Fabrairun 2025. Ɓangaren biyan kuɗi kai tsaye shi ne ya yi ta jan ƙafa, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, aka shiga kai-komo a kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya.

Akwai abin da ya kamata ku lura da shi. Kotu ta fassara kundin tsarin mulki ne, ba ta goge sashe na 7 ba, kuma kalmomin da suka kafa asusun haɗin gwiwa suna nan a rubuce a sashe na 162. Ta wannan kafa ce majalisar dokokin Anambra ta yi doka a watan Oktoban 2024, wadda Gwamna Charles Soludo ya sa wa hannu, da ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso na abin da suka samu a asusun bai ɗaya na jiha. A fahimtata duk dokar jiha da ta mayar da kuɗin hannun gwamna ta bayan gida ta saɓa wa manufar hukuncin, amma doka tana ci gaba da aiki har sai an ƙalubalance ta a kotu ko majalisar da ta yi ta ta gyara. Sa ido a kan yadda ake kashe kuɗi, da binciken odita, da kiran ciyaman ya yi bayani, waɗannan hurumin majalisa ne na halal. Zaɓar wa ƙaramar hukuma aikin da za ta yi da kuɗinta bayan kansilolinta sun zartar da wani daban, wannan shi ne abin da nake ganin ba zai tsaya a gaban kotu ba bayan Yulin 2024.

Kada kuma a manta cewa gyaran kundin tsarin mulki yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudirin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ta aika wa jihohi, bai samu wannan adadi ba, alhali ƙudirin da ya ba majalisun jihohin kansu da ɓangaren shari'a 'yancin kuɗi ya wuce, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa hannu a watan Maris na 2023. Wannan ya nuna abin da majalisun suka sa a gaba a wancan lokaci. Ku tambayi wakilinku a rubuce ko majalisarsu ta gyara dokar ƙananan hukumomi ta dace da hukuncin, da kuma matsayinsa idan ƙudirin gyaran kundin ya sake zuwa gabansu. Ku nemi kwafin dokar daga ofishin akawun majalisa, domin takarda ce ta jama'a.

Malama Mai Ritaya:

Barista, Allah ya ƙara basira, amma ina so a saurari ɓangarenmu mu da muka koyar a firamare. Na ga lokacin da aka miƙa wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye a zamanin Janar Babangida, aka ɗaga kasonsu har ya kai kashi 20 cikin 100 a shekarar 1992, aka kuma ɗora musu albashin malamai. Mun yi watanni ba a biya mu ba, makarantu suka rufe saboda yajin aiki, malamai da yawa suka koma gona da kasuwa, sai da aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993 aka riƙa cire albashin daga tushe sannan hankalinmu ya kwanta. Wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyar malamai ta NUT har yau take cewa a ba ƙananan hukumomi 'yanci, amma kada a mayar da albashin malamai hannunsu. Kuma a waɗancan shekaru ban ga an gina wa ƙauyen da nake koyarwa hanya ba, duk da kuɗin suna zuwa kai tsaye.

Abin da nake tsoro shi ne a ɗauka cewa da zarar kuɗi sun sauka a asusun ciyaman kwalbatin zai ginu. Ciyaman da hukumar zaɓe ta jiha ta sanar, a zaɓen da jam'iyya mai mulki ta lashe kowace kujera, ya san wanda ya kawo shi, kuma ko babu doka zai yi abin da aka ce masa. Malam Sakatare, abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a cikin bayaninka shi ne kansilolinku sun zauna sun yi muhawara a gaban jama'a har masu rinjaye suka rinjaya, domin a wurare da yawa majalisar kansiloli ba ta zama sai ranar karɓar alawus. Ku riƙe wannan da kyau, ku nemi kwafin bayanan zaman da sa hannun shugaban majalisar kansilolin. Idan za ku je wurin ɗan majalisa, ku tafi da mata, musamman ungozoma da ma'aikaciyar asibitin garinku, su faɗa masa da bakinsu abin da rafin nan yake jawowa. Ina kuma roƙon duk gyaran dokar da za ku nema ya bar albashin malamai da ma'aikatan lafiya a matsayin abin da ake fara biya kafin komai.

Injiniyan Hanya:

Ina goyon bayan kansilolin karkara, kuma dalilina na aiki ne. Hanyoyin Najeriya sun kasu uku: na tarayya, da na jiha, da na ƙananan hukumomi. A cikin kimanin kilomita 200,000 da ƙasar take da su, kusan kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi ne, mafi yawansu kuma ba su da kwalta. Babu lissafin da zai sa a kwaltace su duka a rayuwarmu, saboda haka tambayar da ta dace ita ce yadda za a sa mota ta wuce a kowane wata na shekara.

Ruwa ne yake kashe hanyar burji, ba tayar mota ba. Hanya mai tsawo sau da yawa wurare biyu ko uku ne kacal suke yanke ta, wato mashigar rafi, da kwari inda ruwa yake kwanciya, da gangare inda yake zaizayar ƙasa. Idan aka gyara waɗannan wurare, aka bi sauran da gireda aka ɗaga tsakiyar hanyar yadda ruwa zai gangara gefe, aka haƙa magudana a hagu da dama, hanyar za ta yi aiki. A rafi irin wanda ka kwatanta, Malam Sakatare, kada ku yarda a jera muku zobban siminti a rufe da ƙasa, domin tunda ruwan ya iya cinye gefen tsohon kwalbati, ya fi ƙarfin zobe. Ko dai kwalbati mai siffar akwati da fukafukai a bakinsa da daɓen dutse a inda ruwa yake faɗowa, ko kuma, idan rafin mai faɗi ne da yake cika na 'yan sa'o'i ya janye, a shimfiɗa kankare a gindinsa ruwa ya riƙa bi ta kai, wanda ya fi arha nesa ba kusa ba. Lokacin aiki ma yana da muhimmanci. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ake wannan aiki, kuma jiran izini daga jiha yakan cinye waɗannan watanni, a saki kuɗi a watan Yuni, ɗan kwangila ya zuba kankare ruwa yana gudu.

Inda majalisar jiha take da aiki babba shi ne kuɗin kula da hanya bayan an gina ta. A zamanin En'e akwai leburorin hanya, kowanne da yankinsa, yana share magudana yana cike rami tun yana ƙarami. Hukumar raya karkara ta DFRRI da aka kafa a 1986 ta buɗe hanyoyin karkara masu yawa, amma ba a bar musu mai kula ba, damina kaɗan suka koma yadda suke. Gyaran da aka yi wa dokar FERMA, wato hukumar gyaran hanyoyin tarayya, a 2007 ya tanadi kashi 5 cikin 100 na farashin mai don gyaran hanyoyi, kashi 60 na abin da aka tara ya tafi ga hukumomin gyaran hanya na jihohi, amma aka shafe shekara da shekaru ba a aiwatar ba. Kasafin shekara-shekara kuma ya fi son sabon aiki da za a yanke kyalle a buɗe, ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa ma haka, shi ya sa layin gyara yake zama na farko da ake yankewa idan kuɗi suka gaza.

Akwai shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, kuma Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi da Bauci suna cikinsa. Abin da shirin ya nace a kai shi ne kowace jiha ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun hanyoyi na jiha ta hanyar doka, yadda za a samu kuɗin gyara da ba ya jiran alherin kowa. Majalisa ce kaɗai za ta iya yin wannan doka, ita ce kuma za ta iya bibiyar ko ana zuba kuɗi a asusun bayan an kafa shi. A nan zan ɗan bambanta da Barista: ƙaramar hukuma ɗaya ba za ta iya riƙe gireda da rola da tifa da injiniyoyi ba, don haka haɗa ƙarfi da jiha ba laifi ba ne, matuƙar kansiloli ne suke zaɓar hanyoyin, kuma ana liƙa jerin a sakatariya kowa ya gani. Idan jiha ta karɓi kuɗin ƙaramar hukuma da sunan haɗin gwiwa, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Barista:

Injiniya, ban ƙi haɗa ƙarfi ba. Sharaɗina shi ne ya kasance yarjejeniya ce da majalisar kansiloli ta amince da ita a zamanta, da adadin kuɗi da sunan aiki a rubuce, wadda kuma za ta iya janyewa daga gare ta a shekara mai zuwa idan ba a yi aikin ba. Hajiya Malama kuma tana da gaskiya a kan albashi, kuma ana iya rubuta shi a doka a matsayin abin da ake fara cirewa daga asusun ƙaramar hukumar kanta, ba tare da kuɗin sun bi ta hannun jiha ba.

Sakataren Ƙungiyar Gari:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa shugabannin ƙungiya da dagaci bayananku bayan sallar la'asar, kuma mun tsayar da cewa za mu rubuta wa wakilinmu takarda, mu aika kwafi ga kwamitin majalisa mai kula da ƙananan hukumomi kafin ranar da ciyaman zai je kare kasafi, mu nemi a bar kwalbatin yadda kansiloli suka zartar, a kuma saki izininsa kafin rani ya wuce. A cikin takardar za mu tambaye shi matsayin dokar ƙananan hukumomi da ta asusun hanyoyi a jiharmu. Kansilolin ƙauyukan da ke bayanmu sun yarda su sa hannu, ungozomar garin ma ta ce za ta bi mu.

Injiniya, ranka ya daɗe, saura tambaya ɗaya gare ka. Rafin namu yakan cika ya tumbatsa bayan ruwa mai ƙarfi, amma yakan janye kafin rabin yini, sai dai a tsakiyar Agusta da yakan kwana biyu bai sauka ba, kuma gindinsa yashi ne mai zurfi. A irin wannan yanayi, wanne za mu nema a rubuta a cikin takardar aikin, akwatin ko shimfiɗar kankaren?